Homon da kula da mutum gaba ɗayansa: tambayoyin da ake tsallakewa kafin a ba da magani

Akwai koke-koken da ba sa zuwa su kaɗai. Mace a Aboabo ko Asawase, a nan Kumasi, za ta ce jikinta ya mutu, ko ta kwana tana barci ba ta tashi da ƙarfi. Al'adarta sai ta yi wata uku ba ta gani ba, ƙiba na ta hawa ba tare da ta ƙara loma ba, ga aure ya kwana biyu shiru har dangin miji sun fara magana ƙasa-ƙasa. Namiji kuma, in ya samu wanda ya yarda da shi, zai ce fitsari na tayar da shi da dare, kuma abin da yake iyawa a shimfiɗa a da yanzu ya gagare shi. A da duk wannan sanyi ake ce masa, ko basir, ko dattin mara, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce sammu ne. Yanzu an samu ƙari. Mai tallar magani a cikin torotoro daga Kejetiya da mai sayar da kwalabe a WhatsApp da TikTok duk bakinsu ɗaya: homon ɗinki ne suka rikice, kuma mu ba irin asibiti ba ne, mutum gaba ɗayansa muke dubawa.

Rabin maganarsu gaskiya ce, shi ya sa take shiga kunne. Jiki ba mota ba ce da za a tura Magazin na Suame a kwance ƙarfen da ya lalace a ɗaura sabo, sauran ƙarafan ba ruwansu. Sauran rabin kuwa, wato cewa kwalba ɗaya za ta daidaita komai, shi ne ke cinye kuɗin mutane, wani lokaci har da ƙodarsu. A ganina kula da mutum gaba ɗayansa abu ne na gaske, kuma babu fannin da ya fi bukatarsa kamar na homon. Amma ba a kwalba yake ba. Yana cikin doguwar tambaya, sannan awo.

Homon sinadarai ne da wasu ƙananan sassan jiki ke zubawa cikin jini, su je can nesa su sa wani sashe ya yi aiki ko ya dakata. A gindin ƙwaƙwalwa akwai fituwitari, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ita ke ba yawancin sauran umarni. A gaban wuya akwai tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. A saman kowace ƙoda akwai adirenal mai fitar da kotisol, homon ɗin da ke taimaka wa jiki jure wahala da riƙe ƙarfin jini. A bayan tumbi akwai fankiriyas mai fitar da insulin. Sai ƙwayayen haihuwa na mace da na namiji. Abin lura shi ne babu wanda ke aiki shi kaɗai a cikinsu, kowa na sauraron kowa. In tayirod ta yi sanyi, ƙwaƙwalwa za ta matsa mata lamba ta ƙara aiki, wannan matsin kuma yakan tayar da furolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono. Furolaktin in ya hau sai ya hana ƙwai fita, al'ada ta ɗauke. Mace ta zo da kukan mara, alhali tushen abin yana wuyanta. Duk wankin marar da za ta yi ba zai taɓa shi ba, amma gwajin jini ɗaya na TSH, wato homon ɗin da fituwitari ke ba tayirod umarni da shi, zai nuna, kuma ƙwaya ɗaya a kowace safiya takan maido da al'adar.

Ga wani misalin da ya fi wannan taɓa zuciya. A 1937 wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana abin da ke samun wasu matan da suka zubar da jini mai yawa wajen haihuwa. Fituwitari takan ƙara girma lokacin ciki, to in jini ya zuba sosai sai ta rasa wanda zai ciyar da ita, wani ɓangarenta ya mutu. Matar ta tashi daga jego ba ruwan nono, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, kullum gajiya da jin sanyi da jiri. Tana iya shekara goma a haka ana ba ta maganin ƙarin jini da na zazzaɓi, a gida ana cewa lalaci ne ko iska. Tambaya ɗaya ce ke buɗe ƙofar: «Hajiya, haihuwarki ta ƙarshe yaya ta kasance? An ƙara miki jini?» Wanda bai tambayi tarihin mutum ba ba zai taɓa gano wannan ba, ko da likita ne ko mai magani.

Shi kansa ilimin likitanci ya daɗe da sanin haka. Tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, ya ce lafiya ba rashin cuta kaɗai ba ce, cikakkiyar walwala ce ta jiki da tunani da zaman jama'a. A 1977 George Engel, likita a Amurka, ya yi kira ga 'yan'uwansa likitoci da su riƙa haɗa uku wajen duba mara lafiya: abin da ke faruwa a jikinsa, abin da ke ransa, da halin da yake zaune a ciki. Ana koyar da wannan a makarantun likitanci. Matsalar ita ce ɗakin duba marasa lafiya, inda layi ya kai bakin ƙofa, ba ya barin likita ya aikata abin da ya karanta.

Na taɓa raka wata gwaggona wani asibiti. Mun fita bayan sallar asuba, ba a kira ta ba sai da rana ta take. Tana zama aka tambaye ta me ke damunta, ta fara da gajiya, kafin ta kai ga rashin barci da zufar da ke karyo mata da tsakar dare hannun likitan ya riga ya hau takarda. Ba na zarginsa, na ga yawan mutanen da ke bayanmu. Amma da muka fito sai ta ce min a hankali, «Ɗan nan, ko fuskata bai kalla ba.» Mai magani kuwa zai ba ta kujera, ya tambayi mijinta da 'ya'yanta, ya yi mata magana da Hausa, ba sai an nemo mai fassara Turanci ko Tuwi ba, ya ƙare da addu'a. Duk mai mamakin yadda mata masu hankali ke kai kuɗinsu wurin masu kwalabe, ya fara duba wannan.

To, mene ne cikin rayuwar yau da kullum yake taɓa homon da gaske? Na farko, wanda aka fi rainawa, barci ne. A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin wasu samari masu lafiya zuwa awa 4 a dare har kwana 6, sai aka ga saurin da jikinsu ke kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A 2011 a jami'ar dai aka gwada awa 5 na tsawon mako guda, sai homon ɗin maza, testosteron, ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Yanzu a dubi mai sayar da waakye a unguwa. Tun wajen ƙarfe biyu ko uku na dare ta hura wuta, hayaƙi na shiga idonta, kafin gari ya waye shinkafa da wake sun nuna. Ta wuni a zaune bakin tukunya, da yamma ta je kasuwa sayen kayan gobe, da dare ga girkin gida ga yara, sai sha ɗaya ta kwanta. Haka mai koko da ƙosai, haka direban da ke kwana a hanyar Tamale ko Bawku. Kotisol yana da lokacinsa, yakan hau da asuba ya sauka da tsakar dare, kuma wanda ya shekara ashirin yana juya wannan tsari jikinsa zai nuna. Ba za a ce mata ta bar sana'ar da ke ciyar da gidanta ba. Amma a tambaye ta awa nawa take barci, a duba ko akwai wadda za ta karɓe ta wasu ranaku, ko ta samu ƙailula ta gaske bayan azahar. Wannan ma magani ne, kuma ba a sayar da shi.

Na biyu shi ne insulin da abin da muke ci. Tuwon zafi da banku da fufu da shinkafa ba abokan gaba ba ne, da su kakanninmu suka rayu. Sai dai su sun yi noma sun yi tafiyar ƙasa, mu kuma daga ƙofar gida sai keke mai ƙafa uku. Ga suga a koko, ga suga a shayi da madara da burodi, ga sobolo da lemun kwalba a kowane suna da biki. Sannu a hankali jiki ya daina jin maganar insulin, fankiriyas ta riƙa zubo shi da yawa. A jikin mace yawan insulin yana sa ƙwayayen haihuwa su fitar da homon ɗin maza fiye da kima, daga nan sai kuraje a fuska, gashi a haɓa, wuya ya yi baƙi kamar datti ya ƙi fita, al'ada ta riƙa tsallake. Wannan ce lalurar da ake kira PCOS. Likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana ta a 1935, kuma bisa ƙa'idar da aka amince da ita a Rotterdam a 2003 sai an samu biyu cikin alamu uku kafin a tabbatar: rikicewar fitar ƙwai, alamar yawan homon ɗin maza, da kamannin ƙwayayen a hoton sikanin. Hoto kaɗai bai isa ba, kuma mata da yawa an tayar musu da hankali da hoto kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 ba su sani ba. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yakan isa ƙwai ya dawo fita. Mai kilo 90 kenan ta sauke 4.5 zuwa 9.

Wannan ba zance ne na fatar baki ba, an gwada. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002, kan mutum sama da 3,000 da sugarsu ta fara hawa, ya nuna cewa gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100, ƙwayar maganin suga ta metformin kuma da kashi 31. Gwamnatin Gana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 kan abin sha mai zaƙi a 2023, amma haraji ba ya shiga kofin kokon da ake zuba wa cokali uku.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin muna neman abin da ke rikita homon a nesa alhali yana kan madubin ɗaki. Man bilicin nake nufi, da ƙwayoyin ƙara ƙiba. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, FDA, ta hana kayan shafa masu sinadarin haidurokwinon, amma shi wannan ba shi ne ke taɓa homon ba. Masu taɓawa su ne irin su kilobetasol da betametason, magungunan ciwon fata masu ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci, waɗanda ake matsewa cikin haɗin mai a shafe jiki duka safe da dare shekara da shekaru. Dangin kotisol ne, kuma fata tana tsotse su zuwa cikin jini. Haka ƙwayar deksametason da wasu 'yan mata ke sha don su yi ɓulɓul kafin biki. Abin da ke biyo baya sananne ne: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu da hannaye su sirance, nankarwa masu faɗi su tsattsage cinya da hammata, fata ta yi laushin da ƙaramin rauni ba ya warkewa, suga ta hau, jini ya hau, al'ada ta rikice. Sai matar ta tafi neman maganin haihuwa da jakar man a hannunta, babu wanda ya tambaye ta, ita ma kunya ba ta bar ta ta faɗa ba.

Akwai haɗari na biyu da ya kamata kowace uwa da kowace mai gyaran amare ta sani. Jikin da ya daɗe yana samun kotisol daga waje, adirenal ɗinsa takan kwanta ta daina yin nata. In aka yanke man ko ƙwayar rana ɗaya, mutum na iya faɗuwa da amai da kasala, jininsa ya sauka, har ta kai ga rasa rai. Saboda haka wa'azin «ki jefar da shi yau» kuskure ne ga wadda ta daɗe tana amfani da shi. Sannu-sannu ake janyewa, a hannun likita. Kuma kafin a ga laifin yarinyar, a tambayi wa ya ce mata ba ta da kyau sai ta yi fari, wa ya ce amarya siririya abin kunya ce ga gidansu. Wannan ma cikin duba mutum gaba ɗayansa yake.

Maza ba su tsira ba. Raunin mazakuta sau da yawa shi ne alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini ko toshewar jijiyoyi, wani lokaci shekaru kafin zuciya ta nuna. Wanda ya rufe alamar da kwalbar ƙarfin maza ya rasa damar gano ciwon da wuri. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan kwalabe da aka ce tsantsar ganye ne, ashe an zuba musu sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye, wanda in ya haɗu da wasu magungunan zuciya yana iya kayar da jini ƙasa warwas. Allurar testosteron kuma, da wasu samarin gidajen ɗaga ƙarfe ke yi, tana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka akwai isasshe, sai ta daina ba 'ya'yan maraina umarni, ƙwayoyin maniyyi su ragu ko su ƙare. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki. Duk da haka a zangonninmu mace ce ke yawon asibiti da gidan malamai, ita ke shan ɗaci, ita ake yi wa kishiya. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha.

Ba yaƙi nake da ganye da saiwa ba. Ita kanta metformin asalinta daga wani tsiro ne na Turai da aka daɗe ana jiƙawa. Gana ma ta yi nisa a wannan fanni: cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong a Akuapem tana nan tun 1975, akwai dokar aikin maganin gargajiya ta shekarar 2000, jami'ar KNUST a nan Kumasi ta fara digirin maganin tsirrai a 2001, kuma wasu asibitocin gwamnati suna da sashen da waɗanda suka yi wannan karatu ke duba mutane. Bambancin shi ne su suna awo, sun san inda iyakarsu take, suna tura mutum gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Mai kwalbar da ke maganin suga da rashin haihuwa da basir da ciwon baya duk a haɗe bai auna komai ba. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ya daina yin insulin, in aka ce ya ajiye allura ya koma jiƙo, kwanaki kaɗan za su iya kai shi kabari. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921 haka yaran da ke da wannan ciwo suke mutuwa, duk da kowane irin ganye da duniya ke da shi.

Akwai kuma na zamani masu farar riga da na'ura, su ɗora hannunka kan wani ƙarfe, kwamfuta ta fito da jerin cututtuka, sannan a miƙo maka jakar ƙwayoyin ƙarin lafiya na ɗaruruwan sidi. Wasunsu za su ce adirenal ɗinka ce ta gaji. Ƙungiyoyin likitocin homon ba su yarda akwai wata cuta mai wannan suna ba. Gajiya gaskiya ce, amma sababinta yakan kasance ƙarancin jini, ko tayirod, ko suga, ko minshari mai yanke numfashi, ko damuwar da ta yi wa mutum katutu, kuma kowanne yana da hanyar ganewa. Awon suga na azumin dare in ya kai 7.0, ko HbA1c, awon da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya kai 6.5 cikin 100, aka kuma maimaita aka tabbatar, ciwon suga ne. Wannan lamba ba ta canzawa da daɗin bakin mai sayarwa.

Kuɗi ma na cikin lissafin. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar ciwon suga da hawan jini, amma dashen ciki da maganin maye gurbin homon na mata suna cikin abubuwan da ta cire. Macen da al'ada ke ɗauke mata, galibi tsakanin shekara 45 da 55, tana fama da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da rashin barci da saurin fushi, sau da yawa ba ta ma san sunan abin ba, balle ta san akwai taimako. Likitan da ya rubuta gwajin da mara lafiya ba zai iya biya ba, bai kuma tambaya ba, takarda kawai ya ɓata.

Addini kuwa, wanda ya cire shi daga lissafin lafiyar mutumin zango bai san mu ba. Addu'a da jam'i da zumunci suna sauke nauyin zuciya, kuma malamin da ya ce «je ka asibiti, mu kuma muna roƙo» ya yi wa al'umma babban aiki. A nan azumi ne ya fi bukatar haɗin kai. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwame. Jagororin da likitocin suga suka tsara domin Ramadan sun ce a je a ga likita makonni kafin wata ya kama don a gyara lokutan magani, a riƙa auna suga da rana, kuma a karya azumi in ta sauka ƙasa da 3.9 ko ta haura 16.6. Malamai da dama sun yi bayanin cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Dattijon da ya ji wannan daga bakin limaminsa zai karɓa fiye da in nas ce ta faɗa.

Tunda likita ba shi da lokaci, dole mara lafiya ya shigo da nasa shirin. Mace ta rubuta ranakun al'adarta na wata shida, ko a bayan kalandar masallaci ne. A zuba duk abin da ake sha da wanda ake shafawa a leda ɗaya, har da man haɗi da kayan mata da jiƙon da inna ta aiko daga Arewa, a zazzage a kan teburin likita ba tare da kunya ba. A faɗi awannin barci, a faɗi yadda haihuwar baya ta kasance, a faɗi in akwai mai suga ko maƙoƙo a dangi. Wadda Turanci ko Tuwi ke mata nauyi ta tafi da wanda zai fassara mata tsakani da Allah. In abin ya wuce ƙaramin asibiti, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Komfo Anokye, inda ake da likitocin suga da na homon da na mata. In kuma haihuwa ake nema, bayan shekara guda ana tare ba ciki, ko wata shida in matar ta haura 35, miji da mata su shiga ɗakin likita tare, a fara gwada su a rana ɗaya.